'Yar'uwa, wa ya ce maki ba ki da kyau?

Salama gare ku 'yan'uwa, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Katsina, ina gaida na Malumfashi da Kafur da Funtua da Daura. Yau maganar mata ce, amma maza kar ku wuce don akwai rabonku a ciki.

Duk yarinyar da ta tashi a ƙasar nan ta san waɗannan maganganun, wai farar mace alkyabbar mata, wai fara ko mayya ce. In siririya ce a ce ba a ba ki abinci ne a gidanku, in ta yi jiki a ce ta cika ƙofa, in ta haihu biyu uku ciki ya saki a ce ai wance ta lalace. Kuma ba a bakin titi kaɗai ake faɗa ba fa, a tsakar gida ake faɗa, gwaggo ce ke faɗa, wani lokacin ma a ƙofar coci bayan an tashi sujada ana gaisawa ana dariya, ita kuma yarinyar ta tafi da abin a ranta har gida ta tsaya gaban madubi. Yanzu kuma ga waya ta zo ta ƙara, filta ta TikTok da Snapchat ta goge maki fuska ta ja maki hanci, ki ajiye wayar ki ga kamar fuskarki ta gaskiya ce ke da matsala.

To ina wannan ciwon zuciyar ke zuwa? Kasuwa yake zuwa. Wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce mata 77 cikin 100 a Najeriya na amfani da man canza launin fata, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Bari in faɗa maki yadda abin ke aiki. Baƙin fatarki wani sinadari ne da jiki ke yi mai suna melanin, aikinshi ya kare maki fata daga illar hasken rana, kuma kin san ranar Katsina a watan Maris da Afrilu ba wasa ba ce, tana wuce digiri 40. Mayukan haɗin nan, wani akwai hydroquinone da ke hana jiki yin melanin ɗin, in aka daɗe ana shafawa sai baƙin tabo ya fito a kumatu wanda ya fi na da muni kuma ba ya fita da sauƙi. Wani akwai sitiroid, shi ke sa fata ta yi sirara jijiyoyi su fito nankarwa ta tsattsage jiki, ko ciwo aka ji ba ya saurin warkewa. Wani kuma makuri ne a ciki, wato zaiba mai guba, wannan ƙoda yake taɓawa, in mace na da juna biyu har jaririn yana iya kaiwa. Haka nan ƙwayoyin ƙiba da ake ce ma sha ka fashe, da yawa dexamethasone ne, ba lafiyayyar ƙiba yake sawa ba, fuska ce ke kumbura jiki ya riƙe ruwa, ga hawan jini ga ciwon suga ga ƙashi na raguwa.

Ni ban zo in zagi mai shafawa ba, Allah ya sani. Ba wadda ke zuba ma jikinta guba don daɗi, wani abu take nema, so take a gan ta a zaɓe ta.

Kuma akwai mace a Littafi Mai Tsarki da ta san wannan ƙishin sosai, Lai'atu, ki buɗe Farawa sura 29. An ce ƙanwarta Rahila kyakkyawa ce ta kowane fanni, ita kuwa abin da aka faɗa a kanta idanunta ne marasa ƙarfi, shi ke nan. Mijin ma, Yakubu, ba ita ya nema ba, Rahila ya nema, ubanta Laban ne ya shigar da ita ɗaki da dare da wayo, gari ya waye Yakubu ya ga ba wadda ya yi ma bautar shekara 7 ba ce ya tafi yana faɗa. Ki tsaya ki ji wannan a matsayinki na mace, washegarin aurenki mijinki na ƙorafi don ke ce. Amma aya ta 31 ta ce Ubangiji ya ga ba a ƙaunar Lai'atu. Ya gani. Ki duba abin da take faɗa duk haihuwa, ɗan fari ta ce yanzu kam mijina zai so ni, na biyu ta ce Ubangiji ya ji ba a so na, na uku ta ce yanzu mijina zai manne mani, har yanzu dai idonta na kan Yakubu tana jiran shi ya ce mata ta isa. Sai a na huɗu ta ce wannan karon zan yabi Ubangiji, ba ta ambaci miji ba sam. Wannan ɗan shi ne Yahuza, ta zuriyarshi Dauda ya fito, ta nan kuma Yesu ya zo. Littafin bai ce Yakubu ya juyo ya so ta fiye da Rahila ba, ita ce a wannan haihuwar ta daina auna kanta da idonshi.

A Waƙar Waƙoƙi 1:5 da 6 amaryar da kanta ta ce ita baƙa ce kyakkyawa, rana ce ta ƙona ta wajen tsaron gonar inabi, kamar dai 'yan matanmu na ƙauyukan Kafur da ke wuni a gona da damina. A Luka 13 kuma ga mace ta yi shekara 18 a tanƙware ba ta iya miƙewa, Yesu ya hango ta cikin majami'a ya kira ta, a gaban kowa ya ce mata 'yar Ibrahim. Darajar nan tun Farawa 1:27 take, namiji da mace Allah ya halicce su cikin siffarshi, ba a ce fara ko doguwa ba.

Kar kuma a juya maganar a ce kwalliya zunubi ce. Wasu na ɗauko 1 Bitrus 3:3 da 4 su dake mata da ita, a ganina ba kitso da lalle da atamfa manzon ke yaƙi da su ba, cewa yake kar a nan kyanki ya tsaya. Ki yi wanka ki yi kitsonki ki sa turare, ki ci abinci mai kyau ki motsa jiki, in ƙiba na ba ki ciwon gwiwa ki rage don lafiyarki. Jikin nan haikalin Ruhu Mai Tsarki ne in ji 1 Korintiyawa 6:19, kula da shi daban, ƙin shi daban.

Iyayenmu na Zumuntar Mata, ku ne yara ke fara jin kansu daga bakinku, don Allah a daina ce ma yarinya baƙa kamar zagi, a daina haɗa ta da ƙanwarta ana ai wance ta fi ki haske. Samari, kuna waƙa a kwaya kuna cewa Allah zuciya yake dubawa, in aka zo neman aure sai ku ce ku dai fara, wa kuke tsammanin ke tura su wajen mai haɗa mai? Magidanta, cikin da kuke ma ba'a 'ya'yanku ya ɗauka.

Ke kuma da kin riga kin fara, ki ji ni da kyau, in kin daɗe kina shan ƙwayar ƙibar nan kar ki yanke ta rana ɗaya, jiki ya saba da ita, tsayawa farat ɗaya na iya kwantar da ke, likita ne zai rage maki a hankali. Man ma haka, in mai sitiroid ne fuska na iya yin ja ta yi ƙuraje in an bari, ki ɗauki robar man ko kwalin maganin ki tafi da shi asibiti a ga abin da ke ciki, kuma ki samu mace ɗaya mai riƙon amana a ikilisiya ta raka ki.