Oba-obar airsoft: kada kwali da kwalliya su cinye muku kuɗi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da muryar nan, ta dushe, wuni na yi ina ihu a cikin daji. Yanzu muka fito daga filin airsoft, wato wasan harbin juna da bindigogi masu ƙwayar roba, ina zaune a mota, ga taɓo har gwiwa, kuma wallahi har yanzu raina bai huce ba.

Wani bawan Allah ne a ƙungiyarmu, sabon zuwa. Ya zo da kaya na gani na faɗa, hular kwano, rigar ƙirji mai aljihu rututu, ga wani ƙaton hedifon ya rufe kunnuwa biyu. Ana busa usur aka shiga daji, sai muka fara jin wani abu a kunne, fuuu, fuuu, fuuu. Haki ne! Ashe ya kunna abin nan da ake kira VOX, wanda oba-oba ke buɗe kanta da zarar ta ji sauti, ba sai ka danna komai ba. Numfashinsa, karyewar ƙirare a ƙarƙashin takalminsa, har gunagunin da yake yi wa kansa, duk muna sha. Ita kuma oba-oba ba wayar salula ba ce, mutum ɗaya ke magana a lokaci guda. Muddin ya riƙe tashar, to kowa ya zama bebe. Ina kwance bayan wani kututture, ina kallon abokan hamayya suna zagayowa ta hagu a hankali, na danna, na sake dannawa, babu wanda ya ji ni. Haka suka kwashe mu ɗaya bayan ɗaya. Don haka in ba ku ɗauki komai a bidiyon nan ba, ku kashe VOX. A wasan da ake gudu ana faɗuwa, ba shi da wani amfani sai jawo maka baƙin jini.

Bari in matso da tawa kusa da kyamara. Kun gan ta? 'Yar ƙarama, gefenta duk ya goge, eriyarta ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba kuma ba a cire ta. Ba ta kai fam 30 ba, kuma ba yabon kai ba, duk ƙungiyar nan idan na yi magana ana ji na tar. Irin wadda ake kira PMR446 ce. A nan Ingila da ƙasashen Turai ita ce aka yarje wa kowa ya riƙe babu lasisi. Tana aiki a zangon megahaz 446, ƙarfinta rabin wat ne kacal, kuma sharaɗi ne eriyarta ta kasance a manne.

Na san wani zai ce rabin wat me zai yi. Ɗan'uwa, filin wasan nawa yake? Yawanci wanda kake son yi wa magana yana can bayan bishiyoyi, tazarar da ba ta kai kilomita ɗaya ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne rubutun da ake dannawa a jikin kwali, wai tana kai kilomita 8, wai kilomita 10. E, tana kaiwa, idan kai kana kan wani tsauni, abokinka yana kan wani, babu ko ganye a tsakaninku. Amma ka shiga daji mai jiƙaƙƙun bishiyoyi, ko tsohon gini mai bangon kankare da ƙarafa, ka kwanta rub da ciki, jikinka ya danne eriyar, sai ka ga lissafin ya rushe. Abin da na lura shi ne inda ka rataye ta ya fi ƙarfinta tasiri. Ka ɗaga ta sama wajen kafaɗa, eriyar na tsaye tana kallon sama, ya fi maka ƙarin wat biyu a cikin aljihun wando.

To ga wadda kowa ke tambayata a kai, Baofeng UV-5R. Ba za ka je fili ka rasa ta ba, saboda arha da kuma kamar ta sojoji da take yi idan an sa mata doguwar eriya. Tana da ƙarfi, wajen wat 5, tana kama zango biyu, ana iya tsara ta da kwamfuta ta wata manhaja mai suna CHIRP. Amma ku saurare ni da kyau, musamman mu da muke baƙi a ƙasar mutane. Za ta iya hawa tashoshin PMR446, sai dai doka ba ta yarda ba, domin ƙarfinta ya wuce rabin wat kuma eriyarta ana kwancewa. Mutane da yawa suna yi, na sani, ina gani da idona. Ni dai mai zama da biza ba zan nemi abin da zai haɗa ni da hukuma a kan wasa ba. Idan ƙungiya tana son ƙarfi da gaske, Ofcom, hukumar sadarwar nan, tana ba da wani lasisin kasuwanci mai sauƙi, fam 75 na shekara biyar, a haɗa kuɗi a karɓa, a yi amfani da zangon da aka ware da na'urar da ta cika sharaɗi. Abin dariya kuma, ita UV-5R ɗin tana da wani maballi ruwan goro a gefe, ka taɓa shi rediyon FM ya kama, ka riƙe shi jiniya ta tashi. Ka yi tunanin kana laɓe, kowa ya yi tsit, gwiwar hannunka ta danna shi.

'Yan'uwanmu na Amurka kuma naku daban ne. Ku irin wadda ake kira FRS gare ku, a zangon 462 da 467, tashoshi 22, babu lasisi, ga kuma wata da ake kira GMRS mai lasisin dala 35 na shekara goma. Kada wani ya yi maka tsarabar oba-oba daga can ka zo nan da ita kana murna. Ba za ta ji ta abokanka ba, kuma zangon da take hawa a nan na wasu ne.

Wani ƙaramin abu da ke raba ƙungiya tun kafin a fara: tsofaffin PMR tashoshi 8 gare su, sababbin 16. Idan shugaban ƙungiya ya ce kowa ya koma tasha ta 12, mai tsohuwa ya zama ɗan kallo. Sai ka tambaya kafin ka saya, musamman idan ta hannu ce.

Sannan akwai lambobin nan da ake cewa na sirri, guda 38, da suke kira CTCSS. Babu wani sirri a ciki! Wani siririn sauti ne da na'urar ke haɗawa da muryarka, taka kuma ba za ta buɗe ba sai ta ji irinsa. Ma'ana kai ne ka daina jin mutane, su ba su daina jin ka ba. Duk wanda ya sa tasa a sifili yana sauraron duk abin da kuke ƙullawa. Mu dai mun samu mafita, ni da wani ɗan'uwa ɗan Nijar da muke wasa tare. Idan abu ya yi zafi sai mu juya harshe. “Malam, biyu ta damanka, bayan motar nan da ta ƙone.” “Na gan su, ka bar ni da su.” Su saurara har gobe. Kuma gaskiya, a cikin wannan sanyi da yayyafin da ba ya ƙarewa, ka ji Hausa ta faɗo maka a kunne tsakiyar dajin Turawa, wani abu kake ji a ƙirji. Rannan na tura wa Hajiyarmu hotona da kayan nan, sai ga kira, hankali a tashe, wai yaushe na shiga soja ban gaya mata ba. Da ƙyar na fahimtar da ita cewa ƙwayar roba ce 'yar milimita 6, iyakarta ta bar maka jan tabo. Tun da ma na tuna, bindigar nan a cikin jaka take tun daga gida har fili, a rufe. Kada wanda ya kuskura ya fito da ita a wajen ajiye motoci don ɗaukar hoto, daga nesa babu mai bambance ta da ta gaske.

Mu dawo kan abin kunne, don a nan ne kuɗi ke zurarewa. Kafin kyau, kafin suna, ka duba bakin da za ka soka. Ga nawa, kun ga fil biyu ne, ɗaya mai kauri milimita 3.5, ɗaya siriri 2.5. Shi ake kira bakin Kenwood, kuma shi Baofeng da yawancin ƙananan Retevis ke amfani da shi, shi ya sa kayansa suke ko'ina kuma da arha. Motorola Talkabout fil ɗaya gare ta. Midland ma fil biyu ne, ido zai ce maka iri ɗaya ne da na Kenwood, amma ba sa shiga wa juna. Ni shawarata, zaɓi oba-oba mai bakin Kenwood tun farko, ka huta.

Manyan hedifon ɗin nan masu rufe kunne, na asalin su ne irin Peltor ComTac na kamfanin 3M, kuɗinsu ɗaruruwan fam, an yi su ne don kare kunnen mai harbin gaske. Akwai masu sauƙin kuɗi da aka yi a kan fasalinsu, irin su Earmor. Suna da amfani idan a cikin gini kuke wasa ana jefa gurnetin wasa mai ƙara, don suna danne ƙarar su bar maka maganar mutane. Amma akwai tarko. Hedifon ɗin ba ya shiga oba-oba kai tsaye, sai ta wani madannin magana da ake maƙalawa a ƙirji, wanda aka fi sani da U94. Wayoyin cikin bakin nan kuwa tsari biyu ne, na soja da na farar hula, daga waje kamarsu ɗaya. Ka haɗa wannan da wancan, sai ka ji mutane su ba su ji ka, ko ka ji shiru gaba ɗaya. Na asalin ma makirfonsu wani iri ne da ƙaramar oba-oba ba ta iya ɗaga muryarsa, sai ka ƙara sayen madanni mai amfilifaya. Ka ga mutum ya kashe kuɗin da ya ninka na rediyonsa sau goma, amma muryarsa na fitowa kamar daga cikin rijiya. Ga zufa da rani, ga shi yana danne hannun tabarau a kan kunne. Tabarau kuwa ba a cire shi a fili ko na daƙiƙa ɗaya, komai ciwon da yake maka, ido ba shi da na canji.

Makirfon da ake ɗaurawa a maƙogwaro fa? Yana kyau a hoto. Amma da ka fara gudu sai ya zame daga inda ya kamata ya zauna, maganarka ta koma gurnani.

Ni ga abin da nake sawa. Ɗan siririn bututun roba mai lanƙwasa, irin na masu gadin manya, a kunne ɗaya. Na cire toshiyar da ya zo da ita na sa wannan mai rami a tsakiya, mai bin siffar kunne, don in riƙa jin takun mutum ta wannan ɓangaren ma. A wasan nan kunnenka rabin idonka ne. Madannin kuma babba na nema, wanda zan iya dannawa da safar hannu ba tare da na duba ba, na maƙala shi a kafaɗar da ba na ɗora gindin bindiga. Wayar na bi da ita ta cikin riga, domin duk wadda ta yi lilo a waje, reshe na jiran ta. Fuskar oba-obar kuma tana kallon jikina a cikin aljihu, saboda ƙwaya ɗaya ta isa ta fasa gilashin.

Sauran kuma hali ne, ba kaya ba. Ka danna, ka ɗan jira kamar daƙiƙa ɗaya, sannan ka yi magana, in ba haka ba kalmar farko ta tafi. Faɗi wa kake kira, faɗi abin da ka gani da inda yake, ka saki. Kashe ƙarar nan da take yi a ƙarshen magana, da muryar matar da ke karanto lambar tasha. Kada ka hau tashar alƙalan wasa, tasu ce, ta nan ake kiran agaji idan wani ya ji rauni. Idan kuma ƙwaya ta same ka, ka ɗaga hannu ka fita, bakinka alaikum, gawa ba ta ba da rahoto. Wanda ke raɗa wa abokansa inda aka harbe shi bayan ya mutu, kowa na gane shi, kuma ba a sake gayyatarsa.

Batir kuma, sanyin ƙasar nan yana shanye shi fiye da yadda kuke zato, musamman idan kana yawan dannawa. Biyu nake zuwa da su, na biyun a aljihun ciki nake ajiye shi, kusa da jiki inda yake da ɗumi, kuma ina canzawa lokacin hutun rana ko bai nuna ya yi ƙasa ba. Bari in tayar da motar nan in kunna hita, yatsuna sun daina ji. Sai mun haɗu a na gaba.