Ƙofa ɗaya ce ta rage a Malaka

Jama'a, assalamu alaikum. Ku yi haƙuri da gumin nan, zafin Malaka, nan ƙasar Malesiya, ba irin namu ba ne, laima ce ke manne wa mutum a jiki. Da sassafe muka baro Kuala Lumpur a bas, tafiyar kamar awa biyu.

To, ga abin da ya kawo ni. Tsohuwar ƙofar dutsen nan da ke bayana, Porta de Santiago, ita ce ta tsira daga ganuwar A Famosa da Turawan Fotugal suka gina bayan sun ci garin a 1511. Bari in matso da kyamara. Kun ga can sama an sassaƙa 1670? Wannan ba aikin 'yan Fotugal ba ne, na waɗanda suka kore su ne, wato kamfanin Holan mai suna VOC.

Kamfani fa na ce, na 'yan kasuwa masu hannun jari. An kafa shi a 1602, gwamnatinsu ta ba shi izinin yin yaƙi, da gina ganuwa, da ƙulla yarjejeniya da sarakuna, har da buga kuɗi. A 1641 ya ƙwace Malaka da taimakon Sarkin Johor, wata masarauta da ke maƙwabtaka da nan, bayan an yi watanni ana yi wa garin ƙawanya. Duk a kan me? A kan wannan mashigin teku da jiragen kanumfari da kirfa da gyaɗar ƙamshi ke bi. Kayan da Hajiyarmu ke aiken yaro ya sayo mata a bakin layi! A tsibiran Banda da ke Indonesiya ta yau, a 1621, gwamnan kamfanin Jan Pieterszoon Coen ya sa aka karkashe mutanen wurin, aka bautar da wasu, don kada kowa ya sayar da gyaɗar ƙamshi sai su. Wallahi ranar da na fara karanta wannan, shayin da ke hannuna sai da ya fita raina.

VOC ya ruguje a 1799, bashi da cin amanar ma'aikata suka cinye shi. Ganuwar kuwa wani kamfanin ne ya rushe ta, na Ingila, a 1807, don kada ta koma hannun abokan gaba. An ce wani jami'in kamfanin, Stamford Raffles, shi ne ya sa baki aka bar wannan ƙofa.

Ina tsaye nan sai Royal Niger Company, kamfanin Ingilan nan da ya shigo Najeriya, ya faɗo mini a rai. Shi ma da takardar izini ya zo a 1886, da sunan ciniki a kogin Kwara, ga sojoji a bayansa, kafin gwamnatin Birtaniya ta karɓi ragama a 1900.

Yanzu za mu taka zuwa Stadthuys, jan ginin da gwamnan Holan ke zama. Masu keken ɗaukar baƙin nan sun ƙure kiɗa, in ba ku ji ni sosai ba ku yafe ni. Mu je.