Ma'aikatan Gidajen Kula da Tsofaffi a Japan da Na'urorin da Ake Kawo Musu

Assalamu alaikum. Na zaɓi in yi magana a kan Japan ne saboda kusan kashi 29 cikin 100 na mutanenta sun kai shekara 65 ko sun haura, ga kuma ƙarancin masu aikin jinya, abin da ya sa gwamnatin ƙasar ta daɗe tana zuba kuɗi wajen ƙera mutum-mutumin da zai taimaka a gidajen kula da tsofaffi.

A shekarar 2015 cibiyar bincike ta RIKEN ta nuna wa duniya Robear, wani mutum-mutumi mai nauyin kilo 140 da aka ƙera domin ya ɗaga tsoho daga gado zuwa keken guragu. Jaridu sun yi ta yayata hotunansa, amma bai taɓa shiga kasuwa ba. Ciwon baya kuwa shi ne babban kukan ma'aikatan nan, sai dai wadda take da tsofaffi da yawa a hannunta da sassafe ba za ta tsaya turo na'ura daga wani ɗaki, ta daidaita ta, ta mayar da ita wurin caji ba, alhali hannunta ya fi sauri. Wasu ma suna ganin ɗaga dattijo da inji kamar kaya rashin girmamawa ne, kuma ni ban ga laifinsu ba.

Paro, wani mutum-mutumi da injiniya ɗan Japan Takanori Shibata ya ƙirƙira, ya fi samun karɓuwa. An yi shi da siffar jaririn wata dabbar teku mai farin gashi, yana lumshe ido yana ɗan kuka idan an shafa shi, kuma ta baki ake sa masa caji da wani abu kamar abin tsotson jarirai. Yana kwantar wa masu ruɗewar tsufa hankali, amma ma'aikaciya ce za ta goge gashinsa, ita ce kuma za ta lallashi tsohuwar da ta rungume shi ta ƙi saki.

Abin da masu aikin dare suka fi yabawa bai da kyan hoto ko kaɗan: ƙaramar na'ura ce da ake sakawa a ƙarƙashin katifa, wadda ke sanar da su cewa wane ya farka yana shirin sauka daga gado, don haka ba sai sun riƙa buɗe kowace ƙofa suna tada masu barci ba.