Tukuici Ga Mai Ƙoƙarin Rabuwa Da Ƙwaya

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

A jihar Kalifoniya ta Amurka, tun shekarar 2023, akwai cibiyoyin lafiya da mai shan hodar iblis ko metamfetamin, wadda mashaya ke kira ais, yake zuwa sau biyu a mako da farko, daga baya sau ɗaya, ya ba da fitsari a gwada. Idan aka duba babu ƙwaya, kafin ya bar wurin za a ba shi katin sayayya na dala 10. Idan ya ɗore, kuɗin ya riƙa ƙaruwa kaɗan-kaɗan, har wanda ya jure mako 24 zai iya tara dala 599. Gwamnati ce ke biya, ta shirin lafiyar masu ƙaramin ƙarfi da ake kira Medi-Cal, kuma katin ba ya sayen giya ko taba ko tikitin caca.

Na san akwai mai cewa a gaban rediyonsa yanzu, "Ashe ɗan ƙwaya za a biya don ya bar abin da tun farko bai kamata ya taɓa ba? Mu da ba mu taɓa sha ba wa ya biya mu?" Tambaya ce mai nauyi, su ma Amurkawan sun fi shekara 30 suna yin ta. Ni dai ina ganin hanyar nan daidai ce, ku ba ni aron kunnuwanku in faɗi dalili.

Wanda hodar hiroyin ko kodin ko taramol suka kama, likita yana da abin ba shi, kamar metadon, ya kwantar masa da ƙishirwar. Ƙwayoyi masu zaburar da jiki da hana barci kuwa, har yau hukumar kula da magunguna ta Amurka ba ta amince da wani magani ko guda ɗaya na warkar da jarabarsu ba. Ga kuma mutuwa: a shekarar 2022 kaɗai, sama da mutum 30,000 suka mutu a Amurka da metamfetamin ko danginta a jikinsu. To likitan da ba shi da ƙwayar da zai rubuta, me zai yi? Dole ya kama ciwon ta inda ya shiga. Ita ƙwayar nan take take biyan mai sha, cikin 'yan mintoci ya ji duniya ta dawo sabuwa. Ladan dainawa kuwa yana can nesa: wataƙila bayan shekara ya samu aiki, wataƙila matarsa ta dawo, wataƙila mahaifinsa ya sake amsa gaisuwarsa. Ƙwaƙwalwar da ƙwaya ta lalata wa lissafi ba ta iya jiran wataƙila. Aikin tukuicin shi ne ya jawo wani yanki na wancan lada mai nisa ya ajiye shi a tafin hannu yau ɗin nan.

Ba sabon abu ba ne. Masanin halayyar ɗan Adam Stephen Higgins na Jami'ar Vermont ya fara gwada shi a kan masu shan hodar iblis a farkon shekarun 1990. Daga baya marigayiya Nancy Petry ta Jami'ar Connecticut ta ɓullo da hanya mai araha: a zuba takardu 500 a cikin kwano, wanda fitsarinsa ya fita fes ya sa hannu ya zaro. Kusan rabinsu yabo ne kawai a rubuce, yawancin sauran kyautar dala ɗaya ce, wasu ta dala 20, guda ɗaya tak ta dala 100. Ma'aikatar kula da tsoffin sojojin Amurka ta rungumi wannan tun 2011, kuma a cikin fitsarin da aka gwada a shirin, sama da kashi 90 cikin 100 babu ƙwayar. Duk da haka tsoron a ce cin hanci ake ba marasa lafiya ya sa aka daɗe ana ƙayyade abin da za a bayar daga tallafin gwamnatin tarayya a dala 75 a shekara, kuɗin da bai isa ya yi tasiri ba. Sai a watan Janairun 2025 aka ɗaga shi zuwa dala 750.

Abin da ya fi burge ni shi ne ranar da mutum ya zame. Idan gwaji ya nuna ya sha, ba a kiran 'yan sanda, ba a korar sa, ba a yi masa wa'azi a gaban mutane. Ranar dai babu kati, lissafi ya koma farko, a ce masa, "Sai ranar gwaji na gaba, muna jiran ka." Wanda ya san irin kunyar da ke hana mashayi komawa wurin da aka ga faɗuwarsa zai gane girman wannan magana.

Amma kati ba ya zuwa ƙarƙashin gada ya taso mutum. Nan ne aikin waɗanda su ma suka taɓa sha suka daina yake shigowa, kuma tun 2007 hukumar inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka ta yarda jihohi su riƙa biyan irin waɗannan ma'aikata. Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Mutumin da ya kwana uku bai runtsa ba, leɓensa ya bushe, yana ganin kowa ɗan leƙen asiri ne, ba zai buɗe wa mai farar riga ƙofa ba. Zai buɗe wa wanda ya san wannan dare da kansa. Shi kuma ba ya farawa da "ka daina". Ruwa yake miƙa masa, ya ce ci wani abu, kwanta ka yi barci, kada ka sha kai kaɗai, kada ku yi tarayya a allura. Yana ba shi 'yar takardar gwada hodar, domin a Amurka ana samun fentanil, wata ƙwaya mai ƙarfi dangin hiroyin da ɗan kaɗan ɗinta ke kisa, a gauraye da hodar iblis, ya bar masa naloksan, maganin da ke farfaɗo da wanda fentanil ta tsayar wa numfashi. Wannan shi ake kira rage illa: a tsare ran mutum tukuna, tunda gawa ba ta tuba. Idan ranar shiryuwa ta zo, shi ne zai raka shi wurin gwajin, shi ne zai buga masa waya in bai zo ba.

Gaskiya ce kuma, bayan an daina ba da tukuici wasu suna komawa ruwa. Mako 24 yana ƙarewa, jaraba ba ta san kalanda ba. Shi ya sa nake ganin shirin da ya raba kati bai ɗauki irin waɗannan abokan tafiya aiki ba, rabin aiki ya yi.

Maganar ta shafe mu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 na shan ƙwaya a Najeriya, kuma tun 2011 hukumar NDLEA ta fara gano wuraren haɗa metamfetamin a Legas. Mun kuma ga inda mari da bulala suka kai mu, lokacin da 'yan sanda suka fito da sama da mutum 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, wasu da sarƙa a ƙafa. A 2020 an gwada shirin raba allurai masu tsabta a Gombe da Oyo da Abiya, saboda haka rage illa ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Mu ba sai da dala ba: mudun shinkafa ko katin waya zai iya zama tukuici, muddin ana bayarwa nan take kuma ba a saɓa alkawari. Su kuma matasan da suka fita daga harkar, a horar da su, a yanka musu albashi, a daina kiran su sai ranar taro don su ba da labarin tubarsu.