Amsoshin Tambayoyinku: Ana iya hasashen haɗarin mota?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa daga nan Kaduna. Wasiƙarmu ta farko daga wani direban bas ce da ke lodi a tashar Kawo. Ya ce ya ji jami'an kiyaye haɗurra suna cewa haɗari zai ƙaru a ƙarshen shekara, shi ne yake tambaya, wannan ba duba ba ne? Wa ya san gobe in ba Allah ba?

To Malam direba, Allah ya kiyaye hanya. Lissafi ne, kuma kai ma kana yin irinsa. Ka san ranar jajibirin Sallah motarka za ta cika kafin ka gama shan shayi, alhali ba wanda ya buga maka ƙasa, shekaru ne suka koya maka. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, da aka kafa a 1988, tana rubuta duk haɗarin da ya zo hannunta: wuri, lokaci, irin mota, musabbabi, da yawan waɗanda suka jikkata ko suka rasu. In aka jera na shekara goma wata bayan wata, sai a ga inda aka dosa, hawa ake ko sauka. Sai kuma a ga watannin da kullum suke ɗagawa, irin su Disamba, lokacin da hanyar Abuja da ta Zariya ke cika maƙil, ga hazon hunturu, ga direba na neman ƙarin sawu ko da barci ne a idonsa. Da haka ake cewa baɗi za a samu tsakanin kaza da kaza. Amma motar wane, ranar kaza, a kwanar kaza? Wannan kam sai Allah.

Hasashen ma yakan wargaje. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya tashi, jama'a suka rage tafiye-tafiye. Lissafin da aka ɗora a kan shekarun baya ina ya san da wannan?

Sai wata malamar makaranta daga Unguwar Rimi, ta ce haɗari raguwa yake ko ƙaruwa?

Malama, a duniya an ɗan samu sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne suka mutu a kan hanya a 2021, ƙasa da na 2010 da kashi 5 cikin 100. A nan gida ne zancen ke da sarƙaƙiya. Alƙaluman FRSC na shekarun nan suna yawo tsakanin mutum 5,000 zuwa 6,500 a shekara, ita kuwa Hukumar Lafiya ƙiyasinta ga Najeriya ya haura 30,000. Ba wai wani ya yi ƙarya ba. A ƙa'idar da duniya ke bi, duk wanda ya cika cikin kwana 30 bayan haɗari, haɗarin ne ya kashe shi. To ki duba yadda muke yi. Ɗan acaɓa ya faɗi a hanyar ƙauye da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, ba jami'in da ya ji. Wani a kai shi wajen mai ɗori, bayan mako ya cika a gida. Duk waɗannan ba su shiga littafi ba.

Shi ya sa ni ba na saurin murna in an ce bana an samu ragi. Tirela ɗaya da aka ɗora wa mutane a kan kaya in ta kife, ta isa ta juya lissafin jiha na wata guda. Sai ragin ya jera shekara huɗu ko biyar kafin in gaskata.

Mai tambayar lambar kiran gaggawa daga Rigasa kuma, 122 ce ta FRSC, kuma kyauta ake kira.