Kafin ka sayi gidan haya a Katsina, ɗauko biro

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau maganar gidan haya za mu yi, don a Katsina duk wanda Allah ya ɗan buɗa ma, ɗan kasuwa ne ko wanda ya karɓi giratuti, shawarar farko da ake ba shi ita ce Alhaji sayi gida ka zuba 'yan haya. To ba laifi, amma kafin ka kira dillali ɗauko biro da takarda tukuna.

Lissafin ba wuya. A ce an yi maka kuɗin gida miliyan 20, in ka ba da shi haya kuma dubu 800 za a ba ka a shekara. Raba ka gani, 4 cikin 100 ne, wato sai ya shekara 25 kafin haya ta maido maka da uwar kuɗinka, kuma fa ba mu cire fenti ba, ba mu cire gyaran rufi bayan damina ba, da kwashe masai, da watannin da gidan zai zauna ba kowa, da bashin wuta na KEDCO da wani ɗan haya zai kwashe kayanshi cikin dare ya bar maka. A garin nan kuɗin haya bai bin kuɗin gida da sauri, yawancin ribar tana cikin tashin da filin ke yi, ita kuma ba ka ganinta sai ranar da ka sayar.

Shi ya sa ni dai ban ga dalilin cin bashin banki mai ruwa don gidan haya ba. A 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin ruwa 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ɗorawa, to gidan da ke kawo 4 ta ina zai biya wannan? Balle ga maganar riba a addini. Akwai asusun gidaje na NHF wanda ake cire ma ma'aikaci 2.5 cikin 100 na albashi, bashinshi 6 cikin 100 ne kuma ana iya kai shekara 30 ana biya, sai dai an yi shi ne don gidan da za ka zauna ciki. In bankin Musulunci za ka je, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, kar ka tsaya kan sunan ijara (banki ya ba ka haya) ko murabaha (banki ya saya ya sayar maka da riba) kawai, ce masu a rubuto maka jimillar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe.

Sai wuri. Katafaren gida ɗaya a GRA yana da kyau a ido, amma masu iya kama shi ba su da yawa. Ciki da falo ko ɗakuna masu banɗaki a ciki, can wajen hanyar Dutsin-Ma kusa da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Poli da FCE, sun fi saurin samun mutane, haka ma Daura tun da aka kawo Poli ta tarayya da Jami'ar Sufuri. Amma ɗalibai hidima gare su, ga hutu ga yajin aiki, a 2022 ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, wata 8 ta yi. Kuma don Allah ka je ka duba gida cikin Agusta, lokacin ne za ka san ko unguwar na cin ruwa.

Takardu kuma nan ake kuka. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, saboda haka takardar ciniki da sa hannun mai unguwa shaida ce, ba C of O ba ce, wato takardar mallakar fili ta gwamnati. Ka je KATGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta jiha, a bincika maka fayil ɗin, ka tambayi URPB, hukumar tsara birane, ko hanya ba ta bi ta kan wurin ba, musamman filayen awon igiya. In gidan gado ne kar ka biya ko sisi sai ka ga takardar rabon gado daga kotu, kuma duk magada sun sa hannu har da mata, har da wanda ke Legas.

In ka zo zuba ɗan haya a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, ko da ɗan'uwanka ne, a faɗi wa zai yi wane gyara, yaushe ake biya, wata nawa ne notis, sannan kowane sashe ka sa mashi mitarshi mai kati daban.