Guguwar da ke addabar Amurka, daga sararin samaniyarmu take tasowa

Assalamu alaikum 'yan uwana na Kaduna, daga birnin Houston na jihar Texas nake magana da ku. Akwai wasu katakai a jingine bayana, maƙwabcina ne ya tanade su domin rufe tagogi, saboda daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin mahaukaciyar guguwar teku ne a wannan yanki.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, da yawa daga cikin manyan guguwar nan daga wajenmu suke somawa. Kun san yadda hadarin damina ke haɗowa daga gabas, ya yi baƙi ƙirin, ya zubar da ruwa a Tudun Wada da Kawo, sannan ya yi yamma. To, irin wannan tarin hadari kan ratsa Afirka ta Yamma har ya fita ta gaɓar Sanigal ya hau Tekun Atlantika. Idan ya tarar da ruwan teku ya yi ɗumi, kamar digiri 26 zuwa 27, sai tururi ya riƙa tashi yana zama gajimare yana sakin zafi, zafin ya ƙara ɗaga iska sama, wata iskar kuma ta kwararo daga gefe domin cike gurbin, juyawar duniya ta karkatar da ita har duka tarin ya soma kewayawa kamar dutsen niƙa. Da zarar gudun iskar ya kai kilomita 119 a awa, ta zama cikakkiyar guguwa. Matakanta biyar ne, na biyar yana farawa daga kilomita 252.

A tsakiyarta akwai wani fili da iska ke lafawa, har rana takan leƙo, amma wanda ya fito waje a lokacin ya yaudari kansa, domin bangon hadari da iska da ke kewaye da wurin shi ne mafi muni.

Mu a gida iska muke tsoro, mai ɗage kwanon rufi, amma a nan ruwa ne ya fi kisa: tekun da guguwa ke turowa kan tudu, da ruwan saman da ba ya ɗaukewa. A 2017 guguwar Harvey ta tsaya cak a kan wannan yanki, wasu wurare suka sami ruwa fiye da milimita 1,500 cikin 'yan kwanaki, wato ya zarce abin da Kaduna ke samu a shekara guda.

Wani zai ce, me ya hana ta zuwa mana? Ɗumin teku ne abincinta, tana hawa tudu take fara raunana, Kaduna kuwa ta yi nisa da teku. Ko gaɓar Legas ma ta yi kusa da layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu, inda juyawar ƙasa ba ta da ƙarfin murɗa iska, ga shi kuma hadarin ya riga ya ba mu baya ya nufi yamma.